Mudu Ɗaya Ga Mai Kawowa Da Mai Saye

Darasin wannan wata domin dattawa, da Zumuntar Mata, da matasa ne. Kafin a soma, a karanta Kubawar Shari'a 25:13-16 da Ayyukan Manzanni 6:1-6.

Tun ran 29 ga Mayu 2023, sa'anda aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, kuɗin abinci kuma ya bi sawunsa. Mu da muke zaune a Television, da maƙwabtanmu na Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, yawancinmu ba mu da gona. Kowace ƙwayar hatsi da ke shiga tukunyarmu saye ce, itacen da ke dafa ta kuma saye ne. Domin wannan ne 'yan'uwa suke yawan tambaya ko ba za mu haɗa kai mu sayi abinci da makamashi tare ba, daga hannun manoman da ke kewaye da mu, abinci marar guba, da wutar da ba ta cinye daji. Tambayar tana da kyau. Amma kafin mu karɓi ko kwabo daga hannun gwauruwa, ya wajaba mu san abin da muke so mu kafa.

Sunansa a Hausa jam'iyyar gama kai, ko ƙungiyar gama kai. Jam'iyya a nan ba ta siyasa ba ce. Ba adashi ba ne kuma. A adashi kowa yana zubawa, kowa yana kwasa bi da bi, in an gama zagaye an gama. Jam'iyyar gama kai kuwa ciniki ne wanda masu saye su ne masu shi. Tana da doka, tana da littafi, tana da ranar lissafi.

Masaƙan da suka fara

A shekarar 1844, a wani garin masaƙu da ake kira Rochdale a arewacin Ingila, mutum 28 suka haɗa kai, da yawansu masaƙa ne. Albashinsu kaɗan ne, masu kantin garin kuwa suna cutarsu ta hanya biyu: suna tauye awo, suna kuma gauraya garin alkama da alli da makamantansa domin ya yi fari ya yi nauyi. Mutanen nan suka dinga tara 'yan kwabbai mako mako har kowa ya kai fam guda. Da fam 28 ɗin nan suka kama wani ɗan shago, suka buɗe shi ran 21 ga Disamba 1844. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: man shanu, da sukari, da gari iri biyu, da 'yan kyandir. Dare biyu kaɗai a mako suke buɗewa da fari.

Waɗansu sun kafa irin wannan kafin su, sun rushe. Abin da ya tsai da na Rochdale dokokinsu ne. Ƙofa a buɗe take ga kowa, ba a tambayar addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Kowane mutum ƙuri'a ɗaya gare shi, ko jarinsa babba ne ko ƙarami. Ba a ba da bashi, sai kuɗi hannu. Kaya ya zama mai tsabta, awo kuma cikakke. Rarar da ta saura kuwa a mayar wa kowa gwargwadon abin da ya saya. Daga baya suka ƙara cewa a ware wani abu daga rarar domin karantar da 'yan jam'iyya.

Ya kamata labarin nan ya taɓa mu fiye da sauran mutane, gama mu ma 'ya'yan masaƙa ne. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, da hannun wani kamfani na wannan yanki na Ingila aka gina ta. Iyayenmu da yawa ita da 'yan'uwanta suka kawo su kudancin kogin Kaduna. Sa'anda KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta bi ta a 2007, dubban magidanta suka koma gida ba albashi, waɗansu har suka mutu ba su ga haƙƙinsu ba.

A Nijeriya an yi dokar jam'iyyun gama kai a 1935, bayan rahoton da wani Bature mai suna Strickland ya rubuta a 1934. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956, akwai kuma dokar tarayya ta 1993. Gwamnatin tarayya tana da kwalejin koyar da wannan aiki a nan Kaduna. Watau ba sabon abu muke ƙago wa ba, hanya ce da aka share tun da daɗewa.

Abin da ɗan jam'iyya zai samu

Idan aka tambayi mutane me suke so daga jam'iyya, mafi yawa za su ce rance. Mu dai ba mu sa rance a gaba ba, za mu kuwa faɗi dalili nan gaba. Amfani na fari shi ne mutum ya san abin da yake ci.

Bari mu ɗauki wake. Kowa ya san ƙwari suna cin wake a ajiya, har buhu ya koma gari cikin 'yan watanni. Domin gudun hasara waɗansu masu ajiya sukan zuba masa maganin ƙwari, irin wanda ba a yi shi domin abinci ba. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da suka samu a ciki. Sai mu tambayi kanmu, waken da Turawa suka ƙi, ina ya tafi? Bai koma gona ba. Mace mai sayen mudu guda a kasuwa ba ta da hanyar sanin abin da aka zuba. Har ma wake mai tsabta sumul, wanda ba ko huda ɗaya a jikinsa a tsakiyar damina, shi ya fi cancanta a yi masa tambaya.

Alhali kuwa akwai magani marar guba. Masana na jami'ar Purdue a Amurka sun fito da buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS, aka soma yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu masu kauri ne a ciki, da buhun saƙa a waje. In an zuba busasshen wake, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin da ke ciki sukan shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Ba a zuba kome. Gida ɗaya da ke sayen mudu biyu ba ya bukatar buhu. Amma gida hamsin da suka sayi buhu goma da kaka, suka ɗaure da hannunsu, sun san abin da 'ya'yansu za su ci har wata kakar.

Amfani na biyu rara ce. A nan ne mutane sukan rikice, domin haka bari mu yi lissafi a fili. A ce cikin shekara 'yan jam'iyya sun sayi kaya na naira 6,000,000, bayan an biya manoma da mota da hayar ɗaki kuma aka sami rarar naira 400,000. Dokar tarayya ta ce a ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ribar a asusun ko-ta-kwana. Saura 300,000 ke nan, watau naira 5 a kan kowace naira 100 da aka yi ciniki. Gwauruwa mai 'ya'ya shida wadda ta sayi abinci na naira 200,000 za ta karɓi 10,000. Attajirin da ya zuba jari mai yawa amma ya sayi na 20,000 kaɗai, 1,000 zai karɓa, ban da ɗan ladan jarinsa wanda aka ƙayyade tun farko. Za a yi gunaguni a kan wannan, mun sani. Amma in an juya shi, aka raba bisa ga jari, to kamfani aka kafa, gwauruwar kuma ta zama mai yi wa attajirin ciniki. Saboda wannan ne doka ta hana mutum ɗaya ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarin jam'iyya.

Kada kuma wani ya zo da tsammanin kuɗinsa zai ninka. Waɗanda suka zuba a MMM sun ga abin da ya faru a Disamba 2016, waɗanda ba su koyi kome ba kuma suka sake gani a CBEX a Afrilu 2025. Naira 5 a kan 100 ba ta sa zuciya ta buga, amma an san inda ta fito.

Na uku, akwai kayan da gida ɗaya ba ya iya saye farat ɗaya. Murhu mai tsimin itace yana cikinsu. Wata ƙungiya ta nan Kaduna mai suna DARE, tare da abokan aikinta na Jamus, ta yaɗa wani murhun ƙarfe da ake kira Save80, wanda aka ba shi sunan domin yana rage cin itace da wajen kashi 80 cikin 100 in an gwada da murhun duwatsu uku. Ƙananan ƙirare yake ci. Yana zuwa da akwati mai riƙe zafi, inda za a sa tukunyar shinkafa ko wake bayan ta tafasa, ta ƙarasa nuna ba wuta. Tsadarsa ce ta hana talaka. Jam'iyya kuwa tana iya sayen irin waɗannan murahu da yawa a farashin sari, 'yan'uwa su karɓa bi da bi kamar adashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe wajen mutum miliyan 3 kowace shekara. Maza da ke zaune a kwamiti su tuna ba idonsu ne yake yin ja a madafa ba.

Masu kawo kaya

Yanzu mun zo wurin da muke so a daɗe a kansa, gama a nan ne jam'iyyar masu saye takan yi zunubi ba ta sani ba.

In ka bi hanyar Kachia daga nan, ka wuce Sabon Tasha, za ka kai Kujama, ka kai Kasuwan Magani inda kasuwa ke ci ran Alhamis. Daga ƙauyukan Gbagyi da na Adara da ke wannan hanya ne doya da masara da dawa suke shigo mana. Citta daga Kachia da ƙasar Jaba take zuwa. Da rani masu lambu a fadamun bakin kogin Kaduna suna ba mu alayyafo da tumatir da kuɓewa. Matan Fulani suna kawo nono da man shanu. Waɗannan su ne masu kawo kayanmu, ba su da nisa, da yawansu ma danginmu ne.

Me ya sa za mu saya kusa? Kuɗin mota ya ragu, kaya bai kwana a hanya ya lalace ba, mun kuma san gonar da ya fito. Wannan a fili yake. Abin da ba a fili yake ba shi ne jarabar da ke ciki. Da kaka, wajen Nuwamba da Disamba, manomi yana cikin matsi: ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga Kirsimati. Hatsi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi. Mai kuɗi a hannu a wannan lokaci sarki ne. In kwamitinmu ya tafi da kuɗin gida hamsin, yana da ƙarfin da zai taya yadda ya ga dama, ya kawo babban mudu ya auna a ƙauye, ya dawo Television ya raba da ƙarami, a ƙarshen shekara kuma a tafa masa domin rara ta yi yawa. Ina rarar ta fito? Daga rumbun manomi ta fito. Karatunmu na fari ya hana a ajiye ma'auni iri biyu a jaka ɗaya ko a gida ɗaya. Bai ce an yafe wa kwamiti ba.

Saboda haka shawararmu ita ce jam'iyya ta sayi sikeli, ta yi ciniki da kilo, sikelin da aka auna wa manomi kuma shi ne za a auna wa ɗan jam'iyya. Mudu yana da bubbugawa, yana da tozo, yana da hannun da ake tarewa da shi a gefe. Sikeli ba shi da ko ɗaya, muddin an bar mai kaya ya ga allurar da idonsa.

Sai biya. Kada a karɓi kayan manomi a ce masa ya dawo bayan mako biyu. Shi ya sa muka ƙi sa rance a gaba, muka kuma ƙi bashi a shago. In 'yan jam'iyya sun kwashi abinci bashi, kuɗin da za a biya manomi ne suka kwasa. Ɗan'uwa mai bashi yana zaune kusa da kai a sujada, kana jin nauyin tambayarsa. Manomi kuwa yana can nesa, sai ya zama shi ne mai jira. Ta haka talakan birni yakan ci bashin talakan ƙauye ba tare da ya roƙe shi ba. Wanda ya rasa abinci a cikinmu, aikin ekklesiya ne ta taimake shi daga baikon taimako, a fili, da sunan kyauta. Kada a ɓoye shi cikin littafin shago.

Abin da ya fi kyau duka shi ne a yi magana da manomi tun kafin shuka. A gaya masa buhu nawa muke so, da irin da muke so, da cewa kada a zuba magani a ajiya. In muna so ya bar wata hanya mai sauƙi ya bi mai wuya domin lafiyarmu, sai mu biya wahalarsa. A rubuta cewa za a saya a farashin kasuwa na ranar, da ɗan ƙari a kai. A kuma rubuta abin da za a yi in shekara ta ƙi. Ba tatsuniya ba ce. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, ta ruɓar da gonaki masu ɗimbin yawa, manoma da yawa suka rasa har irin shuka. Cikin shekarun nan kuma akwai ƙauyuka a Chikun da Kajuru da masu satar mutane suka hana noma. In an ba manomi kuɗin somi, irin wannan ta same shi, za a kai shi ƙara ne, ko za a ɗaga masa zuwa baɗi? A yanke wannan tun ana dariya da juna.

Waɗansu za su ce manufar duka ita ce a kawar da dillali. A yi hankali. Dillali yana yin aiki: ya san ƙauyuka, yana tara kaya, yana ɗaukar hasarar hanya. Wanda ya kore shi ya gaji aikinsa. Sau da yawa gara a sami dillali mai gaskiya a yi ciniki da shi a fili, da a aiki malamin makaranta da bai taɓa tura hannu cikin buhu ya ji danshin masara ba.

Akwai kuma maganar da ba ma son faɗi. Tun rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002 kogin nan ya zama kamar iyaka, Kirista suka taru a kudu, Musulmi a arewa. Za a sami mai cewa mu sayi kaya daga namu kaɗai, mu karɓi namu kaɗai. Masaƙan Rochdale sun ƙi wannan, mu ma muna ƙinsa. Mai lambun da ya yi shekaru yana ba unguwa alayyafo, da Bafulatanar da ke kawo nono, da mai sarin hatsi, in kayansu na da kyau awonsu kuma cikakke ne, to masu kawo kayanmu ne. Maƙwabcin da yake so ya shiga, ya yarda da dokoki, a rubuta sunansa. Ko da a harabar ekklesiya aka soma taro, jam'iyyar ta unguwa ce.

Mai gawayi fa? Shi ne ya fi ba mu wuya. Kowa yana ganin motocin gawayi suna shigowa gari, an yi musu lodi har sun karkace. A ramin ƙasa irin namu, sai an ƙone itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami gawayi kilo guda, manyan itatuwa masu tauri kuwa ake nema, har kaɗanya da ɗorawa ba su tsira ba. Duk da haka mai ƙona gawayi ba mugu ba ne, sau da yawa manomi ne da gonarsa ta gagara. Mu ne kuma masu saye, musamman duk lokacin da gas ya yi tsada. Ba ma ganin jam'iyya za ta iya hana gawayi da ƙuri'a. Abin da za ta iya shi ne ta rage yawan da kowane gida yake ci ta wurin murhu mai kyau, ta kuma ba da kasuwa ga matasan da ke curin makamashi daga ɓuntun shinkafa da garin katako. A gwada nasu a madafar mata uku ko huɗu tukuna. In yana hayaƙi ko yana marmashewa, a gaya musu gaskiya su gyara, kada a saya domin tausayi.

Wa zai riƙe jaka

Cikin karatunmu na biyu, gunaguni na fari da ya tashi a ekklesiyar Urushalima a kan rabon abinci ne, wani ɓangare yana ganin ana ƙyale gwaurayensa. Manzanni ba su karɓi aikin a hannunsu ba. Jama'a ce ta zaɓi mutum bakwai. Daga nan muke cewa kada fasto ya zama ma'aji, ko matarsa, kada kuma kuɗin jam'iyya ya kwana a akwati ɗaya da baiko. Ɗan jam'iyya yana da iko ya tashi a taro ya ce wa ma'aji, kawo littafi mu gani. Mutane ƙalilan ne za su iya faɗa wa fastonsu haka.

A buɗe asusu a banki da sunan jam'iyya, hannu uku, ba a fid da kuɗi sai biyu sun sa. Mai riƙe mabuɗin ɗakin ajiya dabam, mai rubuta littafi dabam. Kowane wata a karanta lissafi da ƙarfi, da Hausa, domin tsohuwar da ba ta karatu ita ma ta ji. Mata su yi yawa a kwamiti, gama su suka san bambancin wake da wake. A yi rajista a ofishin jam'iyyun gama kai na jiha, domin a sami mai duba littafi daga waje. Mutum goma sun isa a nemi rajistar ƙaramar jam'iyya.

A soma da kaya biyu ko uku kaɗai, waɗanda ba sa ruɓewa, kamar masara da wake. Tumatir da nono su jira sai an koyi aiki.

Kafin taron wata mai zuwa, kowane gida da yake so ya shiga ya rubuta mudu nawa na masara da na wake yake ci a mako, da abin da yake kashewa a kan gawayi ko itace ko gas. Mutum biyu daga Zumuntar Mata da dattijo ɗaya su je Kasuwan Magani ran Alhamis, kada su sayi kome, su tambayi farashi, su auna mudun can su gwada da na kasuwar Television, su kawo mana abin da suka gani.